Daɓen Katako Mai Hawa-hawa: Asarar Da Danshi Ke Ɓoyewa A Ƙarƙashin Ƙafa

Ranar 3 ga watan Yuli na 2024, birnin Ikko ya wayi gari da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wanda ya shafe sa'o'i da yawa bai ɗauke ba. Hanyoyin Lekki da na Iyana-Oworo suka zama koguna, motoci suka mace a tsakiyar titi, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama suka kasa isa wuraren neman abincinsu. Irin wannan ya faru a watan Yuli na 2011, ya kuma faru a Yulin 2017. A duk lokacin da haka ta auku, abin da ake ƙirgawa shi ne rayuka da motoci da katangun da suka zube. Akwai wata asara da ba ta shiga lissafi, domin ba ta bayyana sai bayan makonni, lokacin da rana ta fito, jama'a suka manta. Ita ce ta daɓen katako mai hawa-hawa da ake shimfiɗawa a ofisoshi da otal-otal da manyan kantuna da gidajen haya na zamani.

Wannan daɓe ya samu karɓuwa ƙwarai a Ikko da Fatakwal da Abuja. Dalilin a fili yake. Yana da kyan gani, ana iya shimfiɗa shi a ɗaki cikin yini guda ba tare da siminti ko yashi ba, kuma mai gida yana ganin zai ba shi damar ƙara kuɗin haya. 'Yan kasuwarmu da ke zuba jari a gidaje, da masu sarin kayan gini zuwa kasuwar Dei-Dei ta Abuja ko Ƙofar Ruwa ta Kano, duk hannunsu na ciki. Saboda haka ya kamata a san abin da ake saye.

Iri biyu ne a kasuwa, kuma sau da yawa dillalai kan haɗa su a suna ɗaya. Na farko shi ne laminet, wanda kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro a 1977, aka riƙa sayar da shi da sunan Pergo. Wanda bai sani ba zai rantse katako ne, alhali abin da ido ke gani hoton katako ne da aka buga a takarda, aka rufe ta da wani siririn rufi mai tauri don kada ta goge. A ƙarƙashin takardar akwai allon da shi ne ainihin jikin daɓen: zaren itace da aka niƙa, aka gauraya da gam, aka matse da zafi da nauyi har ya yi ƙarfi. Sai kuma shafi na ƙarshe a ƙasa, mai hana allon lanƙwasa. Kaurinsa duka yakan kama daga milimita 7 zuwa 12. Na biyu ya fi tsada, domin samansa katako ne na gaske, mai kaurin 'yan milimitoci, wanda aka manne a kan falle-fallen katako da aka jera a gicciye. Tun wajen 1996 da 1997, lokacin da kamfanonin Turai suka fito da bakin allo mai maƙalewa da kansa, aka daina bukatar gam ko ƙusa. Daɓen yana zaune ne kawai a kan siminti, kamar tabarma. Wannan sauƙi shi ya jawo masa kasuwa, shi ne kuma ya bar sarari a ƙasa inda ruwa kan shiga ya ƙi fita.

Itace, ko an sare shi shekara ɗari, bai daina shan ruwa daga iska ba. Masana katako sun auna cewa idan laimar iska ta tsaya a kashi 30 cikin 100, ruwan da ke jikin katako yakan daidaita a wajen kashi 6 na nauyinsa. Idan laimar ta kai kashi 65, sai ya hau zuwa kashi 12. A kashi 80 kuwa, yana kai wa kashi 16. To, a Ikko laimar iska takan kai kashi 80 ko ta wuce a yawancin watannin shekara, ruwan sama kuma ya haura milimita 1,500. A Fatakwal ya zarce 2,000, a Kalaba yana kusantar 3,000. Masu ƙera wannan daɓe kuwa galibi suna rubutawa a takardar garanti cewa a riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 35 ko 40 zuwa 60 ko 65. Ma'ana, tun kafin ɗigon ruwa ya taɓa shi, allon da aka shimfiɗa a bakin teku ya riga ya fita daga yanayin da aka yi shi dominsa, sai fa in na'urar sanyaya ɗaki na aiki dare da rana. Mai karatu ya san halin wutar lantarki a ƙasar nan, ya kuma san abin da man janareto ke ci tun bayan janye tallafin fetur a 2023.

Amma laimar iska ita ce ƙaramar matsala. Babbar tana fitowa ne daga ƙasa.

Kankare ba ya bushewa a ranar da ya yi tauri. A kowace mita guda mai tsawo da faɗi da zurfi ta kankare akan zuba ruwa lita 170 zuwa 200. Kusan rabin wannan ruwa ne siminti ke ci wajen daskarewa, sauran kuwa dole ya fita a hankali ta sama. Alal misali, ofis mai faɗin murabba'in mita 100 da aka zuba wa kankare mai kaurin milimita 150, ya sha ruwa fiye da lita 2,500, kuma sama da lita 1,000 na jiran hanyar fita. Ƙa'idar da magina suka daɗe da ita ita ce wata guda ga kowane inci na kauri, wato wata shida ga irin wannan ofis, shi ma in yanayi mai kyau ne. A cikin damina a bakin teku, ya fi haka. Idan aka rufe wannan kankare da laminet bayan mako uku ko huɗu, an kifa wa tukunya murfi ke nan tana tafasa. Saman allon ba ya barin tururi ya wuce, don haka ruwan sai ya taru a tsakanin siminti da katako.

Ga kuma wuraren da aka cike fadama ko bakin ruwa da yashi aka yi gini, kamar yawancin yankin Lekki, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kusa da doron ƙasa. Idan ba a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin harsashi ba kafin zuba kankare, daɓen zai riƙa tsotsar ruwa kamar lagwanin fitila, shekara da shekaru. Sauran hanyoyin kowa ya san su: bututun banɗaki mai yoyo a cikin bango, ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigarwa, da mai shara da ta saba da tayil, ta kwarara bokitin ruwa ta bi da tsumma.

Abin da ke faruwa ga allon bayan haka ba ya gyaruwa. Zaren itacen da aka matse da ƙarfi a masana'anta, idan ya jiƙa, yakan saki jiki ya koma girmansa na asali, gam ɗin da ke riƙe da shi kuma ya karye. Ko ya bushe ba zai koma yadda yake ba. Alamar farko ita ce bakin alluna ya ɗan tashi a mahaɗa, ƙafa ta riƙa jin tudu. Daga nan takardar saman ta fara ɓarewa, sai tsakiyar ɗaki ya yi ƙusumbi, ƙofa ta ƙi rufuwa. Mai falle-fallen katako ya fi juriya, amma shi ma fallayensa kan rabu idan gam ɗin da aka yi amfani da shi ba mai jure ruwa ba ne. A nan ne ya bambanta da tsohon daɓen zallar katakon loko da ake gani a tsofaffin gidajen gwamnati, wanda kafinta zai bari ya bushe, ya goge shi, ya shafa masa mai, ya dawo sabo. Laminet ba a goge shi, domin da zarar an kankare samansa hoton ya tafi.

Akwai abin da mai saye ya kamata ya lura da shi a jikin kwali. Dillalai kan nuna alamar AC3 ko AC4 ko AC5 a matsayin shaidar inganci. Wannan alama tana auna juriyar saman allon ne ga gogayyar takalmi da ƙafafun kujeru, ba ruwanta da ruwa. Ma'aunin Turai mai lamba EN 13329 yana da wani gwaji dabam, inda ake tsoma allo a ruwa na sa'a 24 a ga yadda zai kumbura. A ajin da aka fi sayarwa don ofisoshi, an yarda ya kumbura har kashi 18 cikin 100. Ke nan allo mai kaurin milimita 8 zai iya ƙara kusan milimita ɗaya da rabi a yini guda, kuma ya ci jarrabawa. Wanda bai ci ba fa? Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta fito da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su tun 2005, amma mai saye ne kaɗai zai iya nacewa sai an nuna masa takardar gwajin kumburi kafin ya biya.

Fumfuna ita ce kashi na biyu na asarar, kuma ta fi muni domin ba a ganinta. Ƙwayoyinta suna yawo a iska ko'ina, abin da suke jira kawai abinci ne da danshi da ɗumi. Ƙarƙashin laminet ya tara duka ukun, ga duhu, ga rashin iska. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta daɗe tana ba da shawarar cewa duk abin da ya jiƙa a busar da shi cikin sa'a 24 zuwa 48, in ba haka ba fumfuna na iya kamawa. Matsalar ita ce mai ofis ya share ruwan sama, ya kunna fanka, ya ga daɓe ya bushe tas, ya ɗauka an gama. Alhali soson da aka shimfiɗa a ƙasa yana riƙe da ruwa. Bayan makonni sai a fara jin wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, a zo da turare, a sauya labule, wari na nan.

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta tabbatar da cewa mazauna irin waɗannan wurare sun fi fuskantar tari da cututtukan numfashi da tashin ciwon fuka. Ga ɗan kasuwa, wannan na nufin ma'aikata masu yawan neman hutun rashin lafiya, baƙin otal da ba za su dawo ba, da kaya da ke lalacewa. Mai sayar da atamfa da shadda, ko takalman fata, ko takardu, ya san abin da tabon fumfuna ke yi wa farashi. Bugu da ƙari, gam ɗin da ake haɗa yawancin waɗannan alluna da shi yana fitar da sinadarin fomaldehaid, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya a jerin masu haddasa cutar a 2004, kuma zafi da laima suna ƙara yawan fitarsa. A 2015 wani shirin talabijin a Amurka ya bankaɗo cewa laminet ɗin da kamfanin Lumber Liquidators ke shigowa da shi daga ƙasar Sin ya wuce ƙa'idar jihar Kalifoniya. Darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi warwas, ya daina sayar da kayan, daga baya ya amince da biyan Dala miliyan 36 don sasanta ƙarar masu saye. Can akwai wanda ya auna ke nan.

Shin wannan danshi na iya taɓa ƙarfin ginin kansa? A gaskiya, ba laminet ke kayar da bene ba, kuma kada a bari wani ya tsorata mai gida da haka. Yawancin gine-ginenmu kankare ne. Sai dai haɗarin yana wurare biyu. Na farko, shaguna da rumbunan ajiya da aka yi wa hawa na katako a ciki, da matakalai da dandamalin ɗakunan taro. Katakon da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 ba ba ya ruɓewa. Idan ya kusanci kashi 30 ya daɗe a haka, sai wata irin fumfuna mai cin jikin itace ta kama shi, kuma ƙarfinsa kan ragu sosai tun kafin ido ya ga alama. Gara ita ma danshi take bi. Wanda ya ɗora buhunan kaya a kan irin wannan hawa yana wasa da rayukan yaransa. Na biyu, daɓen yakan ɓoye yoyon da, da a kan tayil ne, da an gan shi tun ranar farko. Ruwan da ya shekara yana ratsa kankaren bene zai kai ga rodi, musamman a bakin teku inda iska ke ɗauke da gishiri. Rodi idan ya yi tsatsa yakan kumbura ya fasa kankaren da ke rufe da shi.

Abin tambaya shi ne, tun da rigakafin ba shi da tsada, me ya sa ba a yi? Ledar da masana'antu ke cewa a shimfiɗa kaurinta milimita 0.2 ne kacal. Tazarar da ake so a bari tsakanin allo da bango milimita 8 zuwa 10 ce. Ajiye kwalayen a ɗakin na kwana biyu kafin a fara aiki ba ya cin ko kwabo. Ko gwajin talaka, wato a manne leda a kan siminti da salatif a dawo washegari a ga ko ta yi gumi, ya fi babu, kodayake na'urar auna laimar cikin kankare ta fi shi gaskiya nesa ba kusa ba.

A ganina amsar tana cikin yadda aka raba riba da asara. Mai shimfiɗa daɓe ana biyansa ne a kan kowace murabba'in mita, don haka duk ranar da ya jira siminti ya bushe rana ce da bai samu kome ba. Ɗan kwangila yana son ya miƙa makulli ya karɓi cikon kuɗinsa. Mai gina gidaje don sayarwa kuwa bashin banki ne a wuyansa. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma suka ɗora nasu a kai. A irin wannan farashi, jiran wata huɗu ya kusa cinye kashi 10 cikin 100 na duk abin da aka ranto. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da hujjar yin gaggawa, kuma babu ɗayansu da zai kasance a wurin lokacin da daɓen zai tashi, domin sau da yawa sai damina ta biyu abin ke bayyana. Wanda ya sayi gidan ko ya kama haya shi ke gadon matsalar.

Shi kuma idan ya juya neman diyya, sai ya tarar da ƙofofi a rufe. Garantin shekara 15 ko 25 da aka buga a jikin kwali yawanci ya cire ɓarnar da ambaliya ko danshin ƙasa ko kuskuren shimfiɗawa suka jawo. Inshorar gobara da sauran haɗurra na musamman takan biya idan ambaliya ce ko fashewar bututu farat ɗaya, in an sanya su a cikin yarjejeniya, amma bisa al'ada ba ta biyan lalacewar da ta zo sannu a hankali, irin su ruɓewa da fumfuna da danshi. Mai hankali zai karanta wannan sashe kafin ya sa hannu, kuma idan ruwa ya shiga ya sanar da kamfanin inshora nan take, da hotuna da kwanan wata, don kada a ce tsohon yoyo ne. Tsakanin mai gida da ɗan haya ma rigima ce. Dokar haya ta Jihar Ikko ta 2011 ta ɗora wa ɗan haya kula da cikin gida, ta ɗora wa mai gida gyaran waje da wuraren da ake tarayya a kansu, ta kuma tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga hurumenta. Ruwan da ya taso daga ƙarƙashin harsashi ya lalata daɓen cikin ɗaki, na wa ne? In ba a rubuta a takardar haya ba, sai lauyoyi sun ci rabonsu.

Kuɗin sauyawa kuma ba irin na jiya ba ne. Akwai zamanin da kamfanin African Timber and Plywood da ke Sapele yake cikin manyan masana'antun sarrafa katako a duniya, ga wasu a Epe da Kalaba da Ondo. Wannan ya zama tarihi, kuma kusan duk laminet da ke kasuwa shigo da shi ake yi. A watan Yuni na 2015 Babban Banki ya sanya allunan katako iri-iri cikin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin musaya na gwamnati, bai ɗage hanin ba sai Oktoban 2023. Kafin nan, a Yunin 2023, an saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, Dalar da take wajen Naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024. Wanda ya shimfiɗa daɓe a 2022 ya zo sauya shi bayan shekara biyu, ya biya ninkin-ba-ninkin, ban da ladan ɓamɓarewa, da makonnin da shago zai zauna a rufe ana jiran siminti ya bushe. Samun irin launin da aka saya a da ma wani aiki ne, don haka lalacewar kusurwa ɗaya kan ja a sauya ɗaki gaba ɗaya.

Ba ana cewa a ƙaurace wa wannan daɓe ba ne. A hawa na sama, a ginin da ya bushe, nesa da banɗaki da madafa, yana iya shekaru lafiya lau. A hawan ƙasa na unguwar da ruwa ke kwanciya kuwa, tayil ko tarazo sun fi dacewa, ko da ba su burge baƙo ba. Sabon allon da ake yi da roba da garin dutse, wanda ake tallarsa da cewa ruwa ba ya yi masa kome, gaskiya ne shi kansa ba ya kumbura, amma ruwan da ya maƙale a ƙarƙashinsa zai haifar da fumfuna kamar yadda zai yi a ƙarƙashin na katako. Idan kuma ruwan ambaliya ne ya shiga, mai ɗauke da ƙazantar kwata, to, a cire alluna da soson ƙasa a zubar, a wanke simintin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, masu aikin kuma su rufe hanci su sa safar hannu.

Masu sari zuwa Arewa suna da nasu lissafin, domin matsalarsu kishiyar ta Kudu ce. Kwalin da ya yi watanni a rumbun ajiya a Apapa ya ƙoshi da laima. Idan aka kai shi Kano ko Sakkwato aka shimfiɗa nan take, da hunturu ya shigo, laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20, allunan za su tsuke, mahaɗa su buɗe, ƙura da ruwan shara su samu hanyar shiga. Wanda aka shimfiɗa a tsakiyar hunturu kuma, aka matse shi da bango ba tazara, zai tashi a watan Agusta. Ɗan kasuwar da ke son kada a dawo masa da kaya zai duba ledar kowane kwali tun a wurin lodi, ya ƙi karɓar wanda ta yage, ya jera kayan a kwance a kan katako maimakon a ƙasan siminti, ya kuma rubuta wa mai saye a jikin rasit kwanakin da zai bar su su huta a ɗaki kafin kafinta ya taɓa su.